Mataji na hauren giwa a cocin Turai: shawarwarin masu adana kayan tarihi

A wata tattaunawa da masu adana kayan tarihi suka yi kan matajin hauren giwa na tsoffin coci-cocin Turai, shawara ta farko ita ce a fahimci aikinsa kafin a yi masa hukunci, domin da shi ake taje gashin limamin coci kafin ya hau ibada, da kuma gashin sabon bishop bayan an shafa masa mai a ka ranar naɗinsa.

Sun ja kunne sosai kan sunayen da ake jingina wa waɗannan kaya. Matajin da ake dangantawa da Heribert (babban bishop na Kolon a da), wanda ke gidan tarihi na Schnütgen a birnin Kolon na Jamus, an sassaƙa shi ne a ƙarni na 9, alhali Heribert ya rasu a 1021, saboda haka salon sassaƙar ya fi sunan zama hujja. Wanda aka ciro daga akwatin gawar Cuthbert, wani waliyyin Kirista, a Durham ta Ingila a 1827 kuwa, inda aka same shi ne ya ba shi daraja.

Batun adanawa, a ganina, shi ya fi muhimmanci, domin haure yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsage, kuma haƙoran matajin ne ke fara karyewa. Kada a wanke shi da ruwa, kada a bar shi a rana, kuma kada a taɓa shi sai da safar hannu.

Mai niyyar saye ya nemi takardun asali, tunda yarjejeniyar CITES, mai kare namun daji daga ɓacewa, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989.