Kaske mai bas da tsohon ampilin yayana, ku ba ni shawara kafin Alhamis

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon magana, raina ne ba daɗi. Ina gidan haya a Bukoki nan Yamai, mu iyali biyar tsakar gida ɗaya. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ke kai kayan kiɗa gidajen buki. Da ya rasu bara aka sayar da manyan bafil aka biya bashi, ni aka bar mini ampili da ƙananan bafil biyu. Kullum bayan isha'i sai na kunna tsofaffin kaset ɗinsa da na juye a kwamfuta, nan ne kawai nake samun sanyi. To mai ɗakina ta haihu wata biyu ke nan, kuma dattijon da muke bango ɗaya ya yi mini magana har sau biyu, na biyun a gaban mutane. Gaskiyarsa ne, in ganga ta buga har kwanukan jeren matarsa amsawa suke. Na daina kunnawa. Na gwada 'yan ƙananan na salula da ake cusawa a kunne, ganga ta koma kamar ana kaɗa gwangwani.

Shi ne na tura wa abokina da ke Faransa jika 100 ya sayo mini kaske, babban nan mai rufe kunne duka. Ya ce Beyerdynamic DT 770 Pro iri uku ya gani: om 32, om 80, om 250. Na ce ya ɗauko 250 tunda shi ne babba. Jiya wani ya ce na yi kuskure. Alhamis abokin nawa zai taso. Kasken zai yi bas, wato amo mai kauri irin na ganga, kuwa? Zai shiga ampilin?

Mai Gyaran Radiyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya jariri. Ƙanena, shekara 26 ina wannan aiki, ka saurare ni. Lambar om tana nuna yadda kasken ke turje wa wutar da ake tura masa ne kawai, babu ruwanta da yawan bas. Mai 250 yana son abin da zai tura shi da ƙarfi. Ka soka shi a salula, ka kai ƙara har ƙarshe, ka ji shi can ƙasa-ƙasa, bas ya mutu. Ka kira abokinka yau ya canza zuwa 80, shi ne tsaka-tsaki. Kuma ba ka faɗa mana wane irin ampili ba ne, ba ka faɗa ko yana da ramin kaske a gaba ba. Kada ka kuskura ka haɗa kaske da inda igiyar bafil ke fita a baya. Na ga wanda ya yi haka, ko minti ɗaya kasken bai yi ba ya ƙone.

Ɗan Bukoki:
Na gode Malam. Yana da rami a gaba, babba. Sunan ya goge, yayana ya manna takarda a kai. Amma ai ni a ampili zan riƙa ji, salula sai in na fita wurin aiki.

Ba'adare na Tawa:
Malam, da girmanka, nan kam ban yarda ba. Tsofaffin ampili da yawa ramin kaskensu daga hanyar bafil aka jawo shi, aka sa rezistans ta rage ƙarfi, wani lokaci om ɗari biyu ko uku. Masu sana'ar cewa suke turjiyar ramin kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta kaske. In ka sa mai 32 ko 80 a irin wannan rami, bas zai kumbura ya yi ta ɓuuu ya danne murya, ga kuma tsuwar ampili da za ka riƙa ji in kiɗa ya yi shiru. Mai 250 ya fi jure wannan. Yaron nan bai san dalili ba amma ya zaɓi daidai. Ni abin da ke damuna wuta ce. Nawa ampilin, aka ɗauke wuta da la'asar, aka maido ta da ƙarfi, sai hayaƙi. Wata huɗu yana wurin wani mai gyara, kullum gobe, har yau ban gan shi ba.

Mai Gyaran Radiyo:
Ba'adare, kai karatu ka yi a intanet, ni hannuna ne ya sha dalma. Ka san ramin nasa om nawa ne? Shi kansa bai sani ba. Kuma ya ce zai fita da shi aiki. Ga shawarata kuma ba na canzawa: mai 80, ya ƙara da ɗan ƙaramin ampilin kaske, irin FiiO E10K da ake sokawa a kwamfuta ta USB, yana da maɓallin ƙara bas a jikinsa. Tsohon ampili ya rufe shi da zane ya ajiye. Ƙarfen da ya shekara yana shan ƙurar buki, kondansatocinsa masu riƙe wuta a ciki sun bushe, shi ya sa irinsu ke gurnani.

Ɗan Bukoki:
Malam, ba ya gurnani ko kaɗan. Yayana duk sati yake buɗe shi yana hure ƙura. Ba zan iya ajiye shi ba, don shi nake wannan duka. Kuma kuɗin wani ampili babu, suna ya cinye abin da ke hannuna.

Maman Biyu:
Ɗana, ni ban san om ba, amma ka ji tsoron kunnenka. Babban yarona haka ya yi ta kwana da abin nan a kai, yanzu sai na kira shi sau uku daga madafa, kuma yana cewa kunnensa na yin ƙara da dare. Likita ya gaya mana Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙara mai ƙarfin desibel 80, awa 40 a mako, shi ne iyaka ga babba, kuma in ƙara ta ƙaru lokacin raguwa yake sosai. Sannan ka tuna maijego. In ka toshe kunne duka, jariri ya yi kuka, wa zai ji?

Ɗan Katako:
Duk kun wahalar da shi. Ka sayi mai Bluetooth na Sony ko JBL, ampilinsa na ciki, bas har ƙirji, ba igiya ba rigima. Sai dai ka buɗe ido. Ni wani mai shago ya rantse mini na asali ne, na biya, sati uku fatar kunnen ta fara zuba mini a kafaɗar riga kamar dusa, gefe ɗaya ya mutu. Na koma ya ce bai taɓa ganina ba.

Ba'adare na Tawa:
Bluetooth bai shiga tsohon ampili, to mi ya amfana? Amma batun fata gaskiya ne. Zafin watan Afrilu na Yamai, kaske mai fatar roba rabin awa ka jiƙe. Mai 80 da mai 250 kushin yadi mai laushi ke gare su, mai 32 na roba ne, wannan ma abin dubawa ne. Kuma in kana sa tabarau, ƙafarsa tana ɗaga kushin, iska ta shiga, bas ya zube. Ka sani kuma, abin da kake ji a ƙirji daga bafil, kaske bai ba ka shi, a kunne kawai zai tsaya.

Mai Gyaran Radiyo:
Ka kawo ampilin shagona in auna ramin, ba zan karɓi ko dala ba. In ban auna ba, duk maganar Ba'adare zato ce. Amma ko na auna, 80 zan ce.

Ɗan Bukoki:
Na gode muku duka, Allah ya saka. Mama, in sha Allah zan riƙa ɗage gefe ɗaya. Malam, ampilin yana da nauyi, babur ɗina kuma yana gareji, sai dai ko Asabar. Na kira abokin nawa, ya ce ya riga ya saya ya sa cikin akwati, amma in ina so zai koma shagon gobe in ya samu lokaci. Ni dai har yanzu zuciyata na kan 250, tunda yayana kullum manyan kaya yake saya. Wani abu kuma: ramin ampilin babba ne, na kwamfuta ƙarami. Kasken yana zuwa da kan da zai shiga duka biyun, ko shi ma sai na nema?