Wai "give up" ma'ana nawa gare ta ne, kuma daga ina ta faro?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana Turanci a taimaka min, wannan "give up" ɗin ta ɗaure min kai. Abin da aka koya mana shi ne karaya, mutum ya fid da rai. To amma sai ka ji an ce ɓarawo "gave himself up", wani kuma "gave up smoking", sannan mai gabatar da taro a Amurka ya ce "give it up for" wane sai jama'a su ɓarke da tafi. Me ya haɗa tafi da karaya fisabilillahi? Ita kuma "up" ɗin aikin me take yi tunda ba abin da ake ɗagawa sama?

Malam_Sabo:
Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye karaya gefe tukuna, ba ita ce uwar ba. Asalin ma'anar MIƘAWA ce, ka saki abin da ke hannunka ka ba wanda ya fi ƙarfinka. Tana cikin tsofaffin irin wannan haɗi na fi'ili da 'yar ƙaramar kalma da aka samu a rubuce, akwai littafin tarihi da malaman majami'ar Peterborough a Ingila suka rubuta wanda ya tsaya a 1154, a bayanin shekarar 1137 sun ce Sarki Stephen ya kama bishop ɗin Salisbury da na Lincoln ya kulle su "til hi iafen up here castles", wato har sai da suka miƙa manyan gidajensu na yaƙi masu ganuwa. Kin ga a nan akwai mai bayarwa, akwai abin da aka bayar, akwai mai karɓa. Da tafiya ta yi tafiya sai mai karɓar ya ɓace daga jimla, mai barin sigari ai ba wani ya miƙa wa ba, saki kawai ya yi, daga baya shi kansa abin da ake sakin ma ya ɓace aka koma "I give up" zalla, shi ne karayar da kika sani. Ɓarawon naki kuwa tsohuwar ma'anar ce cak, kansa ya miƙa wa hukuma. Haka "gave up the ghost" da ke cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, ya saki rai kenan, ya mutu, yanzu har mota in ta mace murus suna faɗa mata haka.

"Up" kuma ba kullum take nufin sama ba, sau da yawa gaba ɗaya take nufi, kamar "eat up", cinye tas.

Bash_Injiniya:
Allah ya ƙara basira Malam. Ni abin da ke damuna yadda mutanenmu ke cakuɗa ta da "give in", wallahi ba ɗaya ba ne. "Give in" sai an matsa maka lamba ka sakko ka bi abin da ake so, "give up" kuwa ko ba mai takura maka kana iya haƙura da abu don kanka. Jawabin nan na Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin, a makarantar Harrow a Oktoban 1941 da ake ta yaɗawa wai ya ce "never give up", ba haka ya faɗa ba, "never give in" ya ce, kuma da dalili tunda yaƙi ake da Jamus a lokacin, maganar kar a miƙa wuya ce ga abokin gaba. Sannan Hajiya ki kula, "give it up" ake cewa ba "give up it" ba, kuma "give up smoking" ne ba "to smoke" ba. In mutum ne kika cire rai da shi sai kin sa "on", "give up on him".

Ummu_Hanan:
Kai na gode sosai, yanzu na ga zaren. Amma Malam har yanzu ba a taɓo min tafin nan ba fa.

Malam_Sabo:
Wannan sabuwa ce, daga wuraren nishaɗi na Amurka ta fito, kuma in kin lura mai karɓar ne ya dawo, "it" ɗin tafin ne, ku sakar masa shi kar ku riƙe. Kar dai ki sa ta a takardar aiki, maganar dandali ce. Kuma kar ki ga kamar ke kaɗai abin ke wahalarwa, Samuel Johnson da kansa a gabatarwar ƙamusunsa na 1755 ya ce irin wannan haɗin fi'ili da 'yar ƙaramar kalma shi ya fi komai ba baƙi wuya a Turanci, har ya kawo "give over" da ma'anar dainawa, wadda har gobe za ki ji ta a bakin mutanen arewacin Ingila in suna nufin kai bari mana. Sunan "phrasal verb" da ake kiran irin wannan haɗin da shi ma, littafin Logan Pearsall Smith na 1925 ne ya yaɗa shi.

Bash_Injiniya:
Malam to "give out" fa? Na ga ana cewa inji "gave out", na kuma ga malami "gave out" takardu, ita ma miƙawar ce ko wani zaren ne daban?