Neman shawara: fidda haidirojin daga gas ɗin girki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a sashen kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi, memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan yadda ake fidda iskar haidirojin daga gas ne. Na karanta cewa ana haɗa gas da tururi a bi da su ta kan ƙarfen nikel sai iskar ta fito. To ni so nike in gwada da hannuna, in sa mai walda ya haɗa mini bututu in ɗaura ma tukunyar gas ta gida, dan Allah wanda ya san harkar ya ba ni shawara.

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka yi wannan a gida, wallahi da gaske nike. Aikin na son zafi digiri 700 zuwa 1000, murhun gida bai kai ka can, kuma abin da ke fara fitowa haidirojin ne gauraye da CO, iskar nan ta gawayi da ke kashe mutane cikin ɗaki rufe lokacin sanyi, ba wari ba launi. Shi kansa haidirojin in ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki ƙyastu ɗaya ya isa ya kama da wuta.

Maman Biyu: Ƙari kan maganar yaya, warin da kake ji a gas ɗin girki zuba mashi aka yi don a gane in yana yoyo, kuma da farar wuta a ciki, ita ce babbar makiyar nikel, tana taɓa shi ya daina aiki. Shi ya sa masana'antu ke fara tace ta. In tururi ya yi kaɗan kuma kunkunniya ta lulluɓe nikel ɗin bututu ya toshe. Ni da kai ne lissafi zan yi: ƙwayar butan (gas ɗin girki) ɗaya da ta ruwa 4 na ba da CO 4 da haidirojin 9, sai a sake bi da CO ɗin ta tururi ya koma CO2 a ƙara samun haidirojin. Ka auna yadda zafi da yawan tururi ke canza sakamako a kwamfuta, memuwar ne cikakke.

Mai tambaya: Na gode malama. Amma kar a ce aikin duk takarda ne fa?

Ɗan Tibiri: Ka nemi sitaj, wato koyon aiki, a matatar mai ta SORAZ a Damagaram, tun 2011 take aiki. Sannan ka haɗa binciken naka da batun taki, nan ne abin ya shafe mu: haidirojin ake yin amoniya da shi, amoniya ta zama yuriyar da manoman gero ke saye da tsada. Kamfanin takin Dangote na Legas da aka buɗe a 2022 da gas na ƙarƙashin ƙasa yake yi. Kar ka manta da hayaƙin, kilo ɗaya na haidirojin ta wannan hanya na sakin CO2 wajen kilo 9, za su tambaye ka ranar kare aikin.

Maman Biyu: Ka fara kai ma malamin da ke duba ka tsarin, takardar neman sitaj ɗin ma ta hannunshi za ta fi saurin tafiya.