Kibo, ƙololuwar dutsen Kilimanjaro, matacce ne ko barci yake yi?

Mai Guduma: Jama'a, na gaji da masu yaɗa cewa wutar cikin Kilimanjaro ce ke narkar da ƙanƙarar kansa. Daga 1912 zuwa 2007 kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙanƙarar ta tafi, kuma bushewar iska da sauyin yanayi ne suka cinye ta. Dutsen nan matacce ne, a daina tsorata mutane.

Malama Mai Taswira: Malam, janye kalmar matacce. Kawuna uku ne da shi. Shira ya fara aman wuta shekara miliyan 2.5 da suka wuce, daga baya ya rufta. Mawenzi, mai mita 5,149, zaizaya ta cinye shi har sai ƙashi. Waɗannan biyun sun mutu. Kibo mai mita 5,895 kuwa barci yake yi.

Mai Guduma: Barcin da ya haura shekara 150,000? A ƙa'ida, dutsen da ya yi aman wuta cikin shekara 10,000 na baya ake kira rayayye.

Malama Mai Taswira: Wannan ƙa'idar lissafi ce don sauƙin jera duwatsu. A cikin ramin Reusch da ke kan Kibo har yau tururi na fita ta tsaguwa, da warin farar wuta, ga rawaya-rawayanta a bakin ramukan. Matacce ba ya numfashi.

Ɗan Ma'adinai: Yaya, tururi kaɗai ba hujja ba ne. Ruwan sama da na ƙanƙara na tsiyaya ƙasa, ya tarar da dutsen da bai gama hucewa ba, ya dawo sama yana huci. Mai son sanin gaskiya abu uku zai auna: ƙananan girgizar ƙasa da ke ƙaruwa suna matsowa sama, kumburin gangaren dutsen ko da na 'yan santimita ne, sai yawan iskar farar wuta a cikin tururin. Kuskuren da ake yi shi ne dogaro da na'urar auna girgizar ƙasa guda ɗaya. Da ita ba a gane inda girgizar ta taso, sai an kafa aƙalla uku a kewaye.

Malama Mai Taswira: To dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin fa? Kusan shekara 500 yana shiru, ya fashe a 1991. Irin waɗannan duwatsu hawa-hawa suke ginuwa, toka kan narkakken dutse mai kauri da danƙo. Danƙon ne ke toshe maƙogwaro, iska ta taru a ciki, ranar da ta samu hanya ta tashi da komai.

Ɗan Ma'adinai: Ina 500, ina 150,000? Ku 'yan taswira kullum da misalin nesa. Dutsen Meru na nan kilomita 70 yamma da Kilimanjaro, ya motsa a 1910. Shi ya kamata a sa wa ido.

Jagoran Hawa: Ku masu karatu kun bar abin da ke kashe mutane. A Janairun 2006 duwatsu sun gangaro a Western Breach, wata hanyar hawa Kibo, Amurkawa uku suka rasu. Ƙanƙara ce ke riƙe tsakuwar wurin, in rana ta ɗaga sai ta saki, shi ya sa aka riƙa ratsa wurin tun da asuba da hular kwano.

Na Gefe: Don Allah dutsen nan ba a Kenya yake ba?

Jagoran Hawa: A Tanzaniya yake, ɗan'uwa. Daga gandun dajin Amboseli na Kenya ake ɗaukar hotonsa, shi ne ya ruɗe ka.

Na Gefe: Amma ai daga can ya fi kyan gani.

Shugaban Zaure: An gode. Abin da aka tsayar: Kibo barci yake yi kamar yadda Malama ta tabbatar da hujjar tururi, kuma Malam Mai Guduma ya yi gaggawa.

Ɗan Ma'adinai: Ranka ya daɗe, wa ya tsayar? Ba wanda ya amsa maganar na'urori uku.

Mai Guduma: Ni kuma maganar ƙanƙara na kawo.