Tarihin zauren Mapo na Ibadan da batun kula da shi

Tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman bayani kan tarihin zauren taro na Mapo da ke bisa tudu a tsakiyar Ibadan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An aza harsashinsa a 1925, zamanin mulkin Turawa, aka kammala shi a 1929 ƙarƙashin injiniya Robert Jones, kuma har yau a harabarsa ake naɗin Olubadan, wato sarkin Ibadan.

Amsa: Gwamnatin jihar Oyo ta taɓa yi masa gagarumin gyara, amma a ganina gyaran lokaci guda ba ya wadatarwa, domin rufinsa da manyan ginshiƙan gabansa suna buƙatar a duba su kafin kowace damina.

Amsa: Gaskiyarka, Alhaji. Ya kamata a ware wani kaso daga kuɗin hayarsa domin wannan aikin.