Shawarwari kan jami'a da dimokuraɗiyya

A wata tattaunawa tsakanin malamai da ɗaliban manyan makarantun Kaduna, an fi daɗewa kan zaɓen ƙungiyar ɗalibai. Nan yaro ke fara koyon siyasa, in an saba masa da sayen ƙuri'a da katin waya, haka zai fita da halin. Shawarar da aka bayar ita ce hukumar makaranta ta janye hannunta daga zaɓen, a yi muhawara a fili, a ƙirga ƙuri'a a gaban kowa. A ganina wannan ta fi sauran muhimmanci.

Wasu sun nemi a koyar da Kundin Tsarin Mulki na 1999 da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 a aikace, ɗalibi ya rubuta wa ƙaramar hukumarsa yana neman kasafin kuɗinta. An tunatar da cewa tun 2018 ɗan shekara 25 zai iya takarar majalisar wakilai, kuma masu bautar ƙasa ne INEC ke ɗauka aikin rumfunan zaɓe, don haka horon ya fara tun daga aji.

Masu nazarin tarihi kuwa, a riƙa kai su Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna, su karanta takardun jamhuriya ta farko da idonsu.