Idan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ƙi yatsa, ta kuma ƙi fuska, mene ne mafita?

Assalamu alaikum. Masana dokar zaɓe, a taimaka mana da haske.

Sashe na 47 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce mai zaɓe ya gabatar da katinsa ga shugaban rumfa a tantance shi. A aikace, jami'i zai nemo sunansa a BVAS da lambobi shida na ƙarshen lambar katin, ya gwada yatsa, in ya ƙi ya gwada fuska.

To ga inda muka maƙale. Dattijo ne manomi, fartanya ta shafe masa zanen yatsu. Hotonsa kuma na rajistar 2011 ne, ya rame, ya tara gemu. An goge masa yatsa, an matsar da shi wurin haske, na'ura ta ƙi duka biyun. Katin nasa ne, sunansa na cikin kundi, kowa a layi ya san shi. A zaɓen 2023 kuwa ba a yi aiki da fom ɗin uzuri ba, wato takardar da a da ake cikewa a bar mutum ya yi zaɓe idan na'ura ta kasa tantance shi.

Dokar ta yi maganar lalacewar na'ura, amma nan lafiyarta ƙalau. Sau nawa aka yarda a gwada kafin a sallame shi? Kuma lokacin sabunta rajista, ana sake ɗaukar hoto da yatsu, ko gyaran suna kawai ake yi?